Awon Yamma Ya Ci Mini Ido Ɗaya

Salamar Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwa. Ni ce Maman Rahila, mai tuyar masa a bakin kasuwar hatsi. Godiya ta kawo ni, amma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu raina a ɓace yake.

Shekara biyu ina cin karo da mutane. Mashin zai taso ta hagu, ba na ganinsa sai ya kusa kwashe ni. Sau huɗu ina zuwa wani asibiti a auna mini ido, kullum da la'asar, don ba na barin tanda sai masu lodin buhu sun gama ci. Sau huɗu ma'aikacin yana cewa, "Mama, awonki lafiya lau. Tsufa ne."

Tsufa! Ni da ko hamsin ban kai ba!

Wata safiya na kai hannu in ɗauki cokali, sai na tsoma hannun cikin mai yana tafasa. Ban ga kaskon ba. Nan gaban mutane na ɗaga murya na ce, "Ubangiji, a garin da ba nawa ba za ka bar ni in makance? Wa zai ja ni?" Ba addu'ar ladabi ba ce, faɗa na yi, kuma ya ji ni.

Da aka ɗaure mini hannun a asibiti, na wuce ɗakin ido in zazzage wa ma'aikacin nan masifa. Sai na tarar da wata likita. Ta zaunar da ni, ta auna, ta sake aunawa.

"Mama, ƙarfe nawa kike zuwa awo?"

"Da la'asar."

Ta ce hawan jinin ido gare ni. A mutane da yawa yakan hau da safe, ya sauka da yamma, sai awon ya nuna kamar ba komai. Ganin da na rasa a hagu ba zai dawo ba. Na dama zai tsira in ina ɗiga magani kullum.

Haba! Me ya hana ma'aikacin nan cewa in dawo da safe? Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe masa, ban kai can ba tukuna.

Amma na gode wa Yesu! Ku dogara gare shi, ku yi addu'a, kuma in ganinku yana raguwa aka ce lafiya lau, ku koma da sassafe a sake aunawa. Mata, ku rufe tanda rana ɗaya. Ni ban rufe ba, ga ni ina kallonku da ido guda. Amin.