Gansakukar Tabkin Gangara

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Shekara uku ke nan rabona da Gangara. Ina Tamanrasat ina leburanci, ba takardu, ba halin komawa.

Matata Hadiza na fama da ciwon daji a nono. Kwanaki kun ce masana na gwada wani sinadari daga gansakuka, ko zai yi magani. Tun ranar mahaifiyata ke kwaso gansakukar tabkin da raƙuma ke sha tana shafa wa Hadiza, ta ce zuwa asibitin Damagaram ya ƙare.

Ban ga laifinku ba, gwaji kuka ce. Amma Inna ba ta jin tawa, ta rediyo take ji. Don Allah ku sake yi mata bayani, ku kira sunanta, Inna Zuwaira.

Kuɗin asibitin, jika arba'in da biyu na tara.