Kwamfutar da ba ta duba ido ba

A tashar Isa, wani ɗan tireda ya zauna kusa da wata dattijuwa.

"Inna, Sakkwato za ki?"

"Asibiti za ni. Bayan maganin ciwon daji, kwamfuta ta auna jinin ɗana Sammani, wai garkuwar jikinai ta faɗi ƙasa, kada ya shiga mutane."

"Kwamfuta! Ta ja fatar idonai ta duba?"

"Ina fa! Ni na duba, ja wur, jini a cike. A gado likitoci suke son riƙe shi."

"Wa ya san wanda ya saita ta?"

"Shi ya sa na maido shi gida Gangara. Ranar Juma'a da kowa ya yi musabaha."

"To mi za ki koma yi?"

Ta kalli motar.

"Ga shi can kwance. Tun jiya jikinai kamar garwashi, amma wallahi idon ja wur."