Kujerar Bayan Ginshiƙi

Ina cikin layi a ƙofar wani gidan waƙoƙin ƙauye a birnin Nashville, aka rufe tagar tikitin rangwame a fuskar wata dattijuwa. Wani tsoho ya matso kusa da ita.

"Baiwar Allah, ga tikiti guda. Na kujerar layin gaba ne, ki biya rabi."

"Na bayan ginshiƙi nake so."

"Ai don ba a ganin mawaƙa ake rage kuɗinsa."

"Su ma ba sa ganin mutum."

"Wa kike ɓoye wa? Ni ma ba ciniki nake ba. Duk shekara tikiti biyu nake saya, nawa da na matata Marlene. Bana ma na sayi biyu, na manta mun binne ta."

Ta ce, "Mawaƙin ɗana ne. Shekara tara da na ce ya zaɓa, ko gona ko jita. Muryarsa kawai zan ji, in koma."

"To zauna gaba, in ara miki malafata ki rufe fuska."

Tana miƙa hannu, wata mai tsohon ciki ta sha gabanta.

"Ke ce Bernice? Ni matar ɗanki ce. Ya hango ki. Ya ce ba zai hau dandamali ba sai kun yi magana."