Manyan Tayun da Thaddeus Ya Hana Mu

Mai girma Dagaci, Baba Fasto, Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu ta direbobi Alhaji Wakili, uwargidan mamaci Madam Hannah da 'ya'yanta, 'yan'uwa kanikawa da direbobi, sannunmu da wannan babban rashi.

Sunana Yahuza Maiturare. Madam Hannah ce ta ce ni zan yi magana, don ni ne na ƙarshe da ya ga Oga Thaddeus da rai. Na amsa mata, amma akwai abin da na ɓoye mata game da mutuwar mijinta, kuma ba zan zauna ba sai na faɗe shi.

Wallahi har yanzu zuciyata ba ta yarda ba. Ran Talata da safe muka sha koko tare a bakin garejinsa a nan Kado, yana tsokanata wai tumbina ya kusa taɓa sitiyari. Kafin la'asar an lulluɓe shi da zane a gefen hanyar Abaji. Thaddeus fa! Yau kwana tara, amma duk lokacin da na biyo ta gaban garejin sai na tsaya, ina jiran ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota.

Kun san tun da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja, mu ne muke jigilarta: kujeru, tebura, tulin takardu, katifun ma'aikata. Motocinmu kuwa na cikin gari ne, cunkoson Legas suka saba da shi. Da ka hau doguwar hanya sai inji ya dinga kururuwa kamar akuyar da aka ɗaure, yana zafi, yana zuƙar mai. Injuna nawa suka buga mana tsakanin Okene da Lokoja?

Thaddeus ne ya gano mana matsalar. Ya kasance kafin ya taɓa inji sai ya ɗauko alli. Ya ja layi a taya, ya ja a furofela, wato sandar nan da ke kai juyin inji ga aksul na tayun baya, ya ce a tura motar a hankali, shi yana kwance a ƙasa yana ƙirga sau nawa furofela ke juyawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Sai ya taso yana karkaɗe riga ya ce, “Direba, injinka lafiyarsa lau. Aksul ne ke sa shi taku biyar a inda huɗu ta isa.” Ya canja maka haƙoran aksul, ka koma hanya, ka ji mota ta natsu har kana jin hirar yaron motarka.

Ya kasance in Juma'a ce, motar Musulmi yake fara gamawa don kada mu rasa salla. Ya kasance ba ya ɓoye sani, ko kanikawan da ke ƙwace masa aiki in sun tambaya zai nuna musu.

Kuma ya kasance mai faɗa a kan abu guda: manyan tayu. Mu direbobi mun ga in ka sa tayar da ta fi ta asali girma, inji na sassautawa, ba sai ka ajiye mota kwana biyu a gareji ba. Shi kuwa sai ya ce, “Gaskiya ne, amma maleji mai nuna gudu ba ya ganin hanya, juyi yake ƙirgawa. Zai ce maka tamanin, alhali kana casa'in. Birki ma aikinsa ya ƙaru.” Babu wanda bai ji wannan daga bakinsa ba. Ni na ji ya fi sau goma.

Madam Hannah, ga abin da na ɓoye. A zuwana Legas na ƙarshe na sa wa motata manyan tayu. Ran Talata yana ganinsu ya ce, “Cire su yau.” Na ce kaya na jira na a Lokoja, sai na dawo. Ya girgiza kai, ya wanke hannu, ya ce to zai raka ni, tunda ba na jin magana. Da muka doshi wata kwana a hanyar Abaji ya ce, “Yahuza, rage.” Na nuna masa maleji ina dariya, na ce, “Oga, tamanin ne kacal.” Na sani sarai ba tamanin ba ne. Na taka birki, motar ta ƙi tsayawa.

Na gaya miki, na gaya wa 'yan sanda, wai taya ce ta fashe. Ba ta fashe ba. Gardamata ce ta kashe mijinki, shi kuma don ya tsare ni ya shiga motar.

Direbobi, na ga motoci shida a waje da irin tayun nan. Don girman Allah, kada ɗaya ta hau hanya gobe.

Madam, ban ce ki yafe mini yau ba. Gobe da safe Alhaji Wakili zai raka ni wurin 'yan sanda in gyara maganata, abin da ya biyo baya na ɗauka. Na gode muku duka da kuka saurare ni har ƙarshe.

Allah ya ba Thaddeus hutawa. Allah ya raya abin da ya bari, ya ba Madam Hannah haƙuri. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya sa wata rana ta iya amsa gaisuwata. Amin.