Aikin Ofishin Gwaram

A tashar Birnin Kudu, motar Gwaram na jiran mutum biyu ta cika. Zulkifli na zaune a baya da ambulan a cinya, zai je jin sakamakon intabiyun aiki. Wani dattijo mai babbar riga ya shigo ya zauna kusa da shi.

"Samari, wannan irin riƙo, takardar fili ce?"

"Ta shaida ce, Alhaji. Na ci jarrabawar haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna."

"Ikon Allah! Da wuya?"

"Wata bakwai na yi. A unguwarmu ba sabis, sai na hau dutse nake sauke darasi. Zuwan farko Kano faɗuwa na yi, na koma."

"Ai kai nake nema! Ɗana Buba aka ɗauka irin wannan aikin a wani ofis a Gwaram. Sati uku ke nan kwamfutocin sun ƙi gaisawa."

Zulkifli ya dube shi. "Aikin da aka tallata bayan Sallah?"

"Shi fa."

"Mu goma sha ɗaya muka zauna intabiyu. Ban ga wani Buba ba."

"Ina za ka gan shi? Ranar yana wajen ɗaurin aure. Ni na shiga na gaida shugaban, tare muka yi firamare. Ka zo ka gyara masa a asirce, ka samu lada."

"Alhaji, da wace takarda aka ɗauke shi?"

Dattijon ya yi dariya. "Yaro, ai ni ne takardar."

Zulkifli ya buɗe ƙofa ya sauko, ya ce wa ɗan kamasho, "Saura mutum biyu har yanzu. Na fasa."