Allurar Malama

Mai shagon wanke hoto yana goge gilashin wani babban hoto, kunnensa na kan mace da namijin da ke jira a benci.

"Baiwar Allah, wannan ba Malama ba ce, mai sauraron yara masu damuwa a makarantarmu?" in ji namijin, yana nuna hoton.

"Ita ce, mahaifiyata. Bara ta rasu."

"Allah ya jiƙanta! Ni fa in'ina ta hana ni buɗe baki a aji. Kullum sai ta kira ni ofis in zura mata zare a allura, idonta ba ya gani. Ina fama da zare tana ja na da hira, har bakina ya sake."

Matar ta kwashe da dariya. "Malam, an yi maka wayo! Mama da ke karanta takardar magani ba tabarau? Ba a banza ta karanci halayyar ɗan Adam ba. Ta san yaro ya fi magana in hannunsa na aiki."

"Shekara talatin ina tausayin idon nan! Ku dai 'ya'yanta kun tsira."

"Mu ai ba ta yi mana. Ni dai tsifar kai nake mata duk ranar da na dawo rai a ɓace, don kafaɗarta na..."

"Na me, 'yar'uwa?"

Ta dubi hoton, tana dariya tana share ido. "Kai, Mama! Wai ciwon kafaɗa, matar da ke ɗaga buhu ita kaɗai!"