Jaririn da Ƙarar Fasa Dutse Ba Ta Tayarwa

Hashim: Salamu alaikum, Baba. An wuni lahiya?

Malam Arzika: Wa alaikumus salam. Lahiya lau. Ya aiki a kamfanin siminti na Kalambaina?

Hashim: Alhamdu lillahi. Ya mutanen Ƙofar Atiku? Ya ƙafar Inna?

Malam Arzika: Da sauƙi. Ya Wasila? Ya takwarana?

Hashim: Takwaranka sai ƙiba! Jariri mai haƙuri, Baba. Jiya anka fasa dutse da nakiya a kamfani har tagogin gidanmu sunka girgiza, shi ko motsi bai yi ba.

Malam Arzika: Mi ka ce? Layin na yankewa.

Hashim: Na ce ko ƙarar fasa dutse ba ta tashe shi daga barci!

Malam Arzika: Kuma alfahari kake yi? Matarka ta shaida wa uwarka cewa an gwada kunnenshi a asibiti bai nuna alamar ji ba, sunka ce a komo da shi gobe a sake gwaji, kai kuma ka hana.

Hashim: Baba, ai na karɓo rubutu wurin Malam Mamman. Mun yi tawakkali.

Malam Arzika: Tawakkali! Kai da ka tsere daga makarantata ba ka sauke ba, yau kai za ka karantar da ni tawakkali? Bara da inji ya datse maka yatsa, rubutu ka sha, ko asibiti ka ruga kana kururuwa?

Hashim: Ai wannan daban ne...

Malam Arzika: Daban ne mana, tunda jikinka ne. Tsoro ne ya kama ka, ka naɗa mashi rawani ka kira shi addini.

Hashim: Baba, in sunka ce kurma ne fa? Su maƙala mashi na'ura a kunne, duk unguwa ta sani?

Malam Arzika: Unguwa! Unguwar ce za ta koya mashi Fatiha? Sun gaya wa Wasila in an gano da wuri ana taimaka mashi ya koyi magana. Ita ta fahimta, kai mai gemu ka kasa.

Hashim: Gobe ina da aikin sahe, Baba, wallahi...

Malam Arzika: Ba rakiyarka nike nema ba. Ka ce wa Wasila ta goya shi, ina nan tahe bayan asuba.

Hashim: Kai da kanka? Haba Baba, mutane su ganka a layin mata masu goyo?

Malam Arzika: Su gani. Ni na yi mashi kiran salla a kunne ranar da anka haihe shi. Ina so in san ko ya ji.

Hashim: Baba, ka saurare ni... Baba? Halo?